Gidan da Ke Mayar da Magana

Da muka saye shi a Tawa, bayan tashar Kwanni,
tantabaru ne masu gida.
Kwana tara muna kwasar kashinsu da kwano,
Tsahara ta ɗaure hanci da kallabi tana cewa
wannan ai rumbu ne
da aka manta ba a zuba wa hatsi ba.

Majami'a ce a da.
Wani mompera ya zana ta a takarda,
kakan Arzika magini ya ɗora ta da jan dutsen Adar,
kowane dutse girman kan jaki,
kaurin bango kamu biyu.
Da bazara in ka jingina bayanka
sai ka rantse randa ka jingina.

Baka bakwai ke riƙe da rufin.
Sun taso daga bango, sun haɗa kai can sama
kamar haƙarƙarin raƙumi.
Wanda ya gina wannan bai yi niyyar kwana ciki ba.
Tagogin dogaye ne, sirara, sun fi ƙarfin leƙe,
ba ka ganin maƙwabci sai shirwa.
Ta gabas kaɗai ta saura da gilashinta,
shuɗi da ja da wani rawaya irin na man shanu.
Da hantsi launin yakan sauko ya zauna kan tabarma,
jikata Indo ta tsoma hannu ciki,
ta fiddo, ta duba ko ya kama.

Mun raba cikin da bulo, ɗaki uku,
amma bangon namu iyakarsa tsayin mutum da hannu a miƙe.
Daga nan zuwa rufi iskar ta kowa ce.
Shi ya sa ba mu da asiri a gidan nan.
In na yi tari, ginin ya mayar mini sau biyu.
In Tsahara ta yi gunaguni kan kuɗin cefane
sai ya fito da nauyi kamar huɗuba.
Muka koyi faɗa da raɗa.
Daga baya muka gaji, muka rage faɗan.

Kwarmin dutsen bakin ƙofa, inda suke tsoma yatsa,
nan makullin moto ke kwana.
Matakala uku da ke hawa wurin limaminsu,
can na shimfiɗa buzuna.
Na kira Malam Nomau, ya zo ya auna da inuwa,
ya ce tsakanin gabas ɗinsu da tamu
ɗan karkata kafaɗa ne zuwa hagu.

Hasumiyar ba ƙararrawa,
an sauke ta tun kafin zuwanmu.
Ƙugiyar dai tana nan,
kuma iska na ratsa wurin ta kusurwa huɗu,
sai Tsahara ta rataye albasa.

Bara, bayan la'asar, wata tsohuwa ta yi sallama.
Sisiliya sunanta, daga Kwatano ta zo ganin jikoki.
Aka kawo ruwa, ta ce tukuna.
Ta shiga tana ƙirga bakunan da leɓe,
a ƙarƙashin na huɗu ta tsaya.
Firjinmu ne a wurin.
Ta ce nan ta tsaya ranar aurenta,
nan kuma aka ajiye akwatin mai gidan,
shekara goma sha ɗaya tsakani.

Ni da ɗana muka ture firjin.
Ƙarƙashinsa duk yana da murfin kwalba
da wani cokali da muka daɗe da yafewa.
Ta taka wurin da takalmin roba,
ta ɗaga kai, ta faɗi kalma ɗaya,
sunan namiji.
Ginin ya mayar mata sau biyu.

Sannan ta sha ruwan.

Firjin har yau bai koma ba.
Inda muka kai shi igiyar kuran ba ta isa,
sai da na sayo ƙari a kasuwa ran Lahadi.